Idon Jagora

Motoci huɗu ne suka jeru a kan yashi, kowace tana bin sawun tayar ta gabanta. A ta farko Jagora ne riƙe da sitiyari, matarsa Malama tana gefensa da filas ɗin shayi a cinya. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jan ayarin makaɗa da 'yan kallo zuwa bikin kiɗan da ake yi a tsakiyar hamada, tafiyar kwana biyu daga inda kwalta ta ƙare. Bai taɓa ɓatan hanya ba, shi ya sa sunan ya bi shi har na yanka ya ɓace.

"Kai, dubi wancan dutse na hagu," in ji Malama, "sai ka ce raƙumi ya durƙusa."

Jagora ya karkata motar dama kaɗan. "Ke dai ba kya gajiya da surutu."

"Shekara talatin ina magana a gaban aji. Ka taɓa jin an yi wa baki ritaya?"

Haka take yi tun da suka baro gida. Rami ko kututture ba ya wucewa sai ta yi masa kirari, ta kuma faɗi ɓangaren da yake. Tun bara yanar ido ta fara rufe wa mijinta gani. Bai gaya wa kowa ba, ita kuma ba ta nuna masa ta gane ba. Wannan ne karo na farko da ta ce za ta bi shi, wai tana son ganin abin da ke raba ta da miji duk shekara.

A rana ta biyu, bayan azahar, zafi ya yi zafi. Malama ta jingina kanta da gilashi don ta huta minti ɗaya, barci kuwa ɓarawo ne. A daidai lokacin suka iso tsohuwar gangar man fetur da aka kafa a kan tudu, alamar inda ake karya kwana zuwa dama. Jagora ya wuce ta. Bai yi nisa ba motar ta yi nishi, ta nutse a yashi har ciki. Ta biyu ma ta bi ta.

Ƙanensa bakanike, wanda kowa ke kira Sifana, ya sauko daga motar baya yana haki.

"Yaya, gangar fa? Tun can nake danna maka ham!"

Mai jita, shugaban makaɗan, ya dubi agogo. Da yammacin nan aka sa su hawa dandamali, ga shi jarka biyu ta ruwa kawai ta rage wa mutum goma sha shida.

"Laifina ne," Malama ta yi saurin cewa. "Ni na sa shi neman murfin filas."

"Matar Yaya, ke da shayinki sai kun ga bayanmu!" in ji Sifana.

Aka yi dariya. Jagora bai yi ba.

Awa biyu suka yi suna fama. Aka rage iskar tayoyi, aka haƙa da shebur da hannu, aka cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashi. Jagora ya fi kowa haƙa, kamar mai neman abin da ya binne. Da motar ta biyu ta fito aka yi shewa, shi kuwa ya tsaya ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya zaro makulli daga aljihu.

"Ba murfin filas ba ne," ya ce. "Ban ga gangar ba. Ko da ta tako ta gaishe ni, ba zan gane ta ba. Idona ya tafi, ko ya kusa."

Iska tana kaɗa tamfol ɗin da aka rufe ganguna da shi. "Yaya," in ji Sifana. Ya miƙo hannu zai karɓi makullin.

"Ba kai ba," in ji Jagora. "A'a. Kai kana tuƙi kamar ana bin ka da sanda. Malama, zo. Ni na koya miki, na san hannunki."

Ta karɓa. Ta ja kujerar gaba har sau uku kafin ƙafarta ta kai, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yi bisimilla.

Ya zauna a inda ta tashi, ya lumshe ido. "Ƙara wuta. Nan mai laushi ne, ina jin sa a kujera. Kada ki taɓa birki, ko me kika gani."

"In na ga raƙumi fa?"

"Shi zai kauce, ya fi mu sanin wurin."

Rana tana da saura suka hango tutoci. Bayan wani dogon tudu sai ga tantuna birjik, farare da masu launi, da ƙugin janareta, da dandamalin katako da aka kafa a kwari. Makaɗan suka sauke kaya a guje, yashi na zuba daga wandunansu.

Jagora bai bari kowa ya taɓa tantinsu ba. Da tafin hannu ya nemo inda iska ke fitowa, ya juya mata baya, ya kafa turaku, ya ɗaure igiyoyi ba tare da ya duba ba. Sannan ya shimfiɗa tabarma a bakin tantin, suka zauna. Daga kwarin ana jin Mai jita yana gwada tsirkiya ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambayi Malama.

"Tun ranar da ka tsaya a ƙofar gida kana gaida buhun siminti, har kana tambayarsa iyali."

Ya yi dariya har da tari, sannan dariyar ta tsaya. "Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana riƙe da abinka kamar ƙwai. Na ce bari ka sauke da kanka." Ta tsiyaya masa shayi, ta sa kofin a hannunsa. "Amma yau na ji tsoro. Da rami ne ba yashi ba fa? Ni ma da nawa laifin, shiru ba ya maganin ciwo."

"Mutum goma sha shida," ya ce a hankali.

"Na yi magana da likitan ido. Ya ce yanar ido ce, ana cirewa. Ranar Talata ta sama zai gan ka."

"Har kin sa rana?"

"Sau biyu ina ɗagawa, ina jiran ka yi magana."

Ganguna suka tashi, jita ta bi su. Mutane suka fara gangarawa kwarin, yara a wuyan iyayensu, tsofaffi suna jan kujerun roba. Malama ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta miƙa masa hannu.

"Tashi mu taka."

"Da girmanmu? Ga shi ba na ganin ƙasa."

"Yashi ne. In ka faɗi ma, katifa ka samu."

Suka gangara, hannunsa a kafaɗarta. A gefen taron suka tsaya, inda ba kowa sai Sifana, wanda ya hango su ya yi maza ya juya yana duba wata wayar lantarki da ba abin da ya same ta. Jagora ya ɗaga ƙafa a hankali, kiɗan ya shige shi, kafaɗunsa suka saki.

Sau biyu ya taka mata ƙafa. Ta ci gaba da rawa kamar ba ta ji ba.

"Na sani fa," ya ce.

"To, ka ci gaba."