Tsalle a Kan Iska

Tun da aka sauke na'urar sabon wasan kamfaninsu don gwaji a gidan wasan bidiyo da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Namba, Morishita ke ta kai-kawo a gefenta. Shi ya tsara motsin ɗan aiken da ke cikin sabon wasan nasu, mai gudu bisa rufin gidaje da jaka a baya. Sai da na'ura ta hau mota da safe ya tuna kuskuren da bai gyara ba. In mutum ya danna maɓallin tsalle sau biyu a jere, ɗan aiken zai sake tsalle yana kan iska. Duk ramukan da aka yi wata da watanni ana aunawa za su koma wasan yara.

Shigeno, shugaban sashensu, yana jingine da bango yana zuƙar sigari. Bara ya mayar da wani ma'aikaci gadin sito a kan kuskuren da bai kai wannan ba.

"Morishita, wannan gumi fa? Ko kai za ka yi tsallen?"

"Zafi ne, ranka ya daɗe."

"A cikin sanyin nan?"

Mutane suka yi ta gwadawa suna faɗawa rami. Duk wanda ya faɗa, sai Morishita ya sauke ajiyar zuciya. Can sai ga Odagiri, matar da ke suyar takoyaki, ƙwallayen fulawa da naman ruwa, a ƙofar gidan, ta shigo tana goge hannu da gefen rigarta. Ita ba ta san dannawa sau ɗaya ba. Tana isa ramin farko ta doka maɓallin tak-tak, ɗan aike ya tashi, ya ƙara tashi, ya dira can gaba.

"Kai! Ya taka iska!" in ji wani direban tasi da ke bayanta. "Inna, yaya kika yi?"

"Sa naka kuɗin ka koya. An ce maka makaranta na buɗe?"

Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo. Shigeno ya take sigarinsa, ya matso.

"Wa ya sa wannan?"

Morishita ya sunkuya har wuyansa ya yi ƙara. "Kuskurena ne, ranka ya daɗe. Zan cire shi kafin gobe."

"Ka taɓa shi, ni da kai ne."

Morishita ya ɗago yana jiran murmushi, bai gani ba. Idon Shigeno na kan wani mutum mai kwat ruwan toka da ke tsaye a gefe. Mutumin bai taɓa na'urar ba, bai ma kalli allon ba, yatsun Odagiri kawai yake kallo.

"Na kamfanin tsallaken kogi ne, abokan gasarmu," in ji Shigeno ƙasa-ƙasa. "Namu sai bazara zai fita. Nasu saura ƙiris."

Ya zagaya ya zare wayar wuta. Allo ya yi baƙi, aka hau yi musu ihu, Odagiri ta ce ko ƙwallo ɗaya na takoyaki ba za ta ƙara sayar musu ba. Mai kwat ɗin ya riga ya fice.

Daga ranar Morishita bai ƙara cin abinci a natse ba. Aka sa shi ya faɗaɗa kowane rami don ya dace da sabon tsallen. Kullum a hanyar gida yakan leƙa gidajen wasa, har ranar da ya ga abin da yake tsoro: wata kyanwa a allo, ta yi tsalle, ta ƙara a kan iska. Jaridun wasanni suka yi ta yabon kamfanin tsallaken kogi. Da na su Morishita ya fita, wata mujalla ta rubuta cewa sun kwaikwaya, amma dai sun iya kwaikwayo. Kafin shekara ta zagayo, kare da doki da ɗan sama-jannati a wasannin sauran kamfanoni duk suna taka iska.

Shigeno ya kira shi ofis, ya tura ƙofa, ya ajiye masa shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Faɗa min gaskiya. Akwai wani kuskuren irin wancan da ka ɓoye mana, mu riga su?"

Morishita ya dubi shayin. Akwai.