Birkin Illa

A shekarun da gyaɗa ke tashe a Damagaram, babu wanda ya addabi unguwar Zango kamar Illa direba. Kamyo yake ja, babbar motar kaya cike da buhunan gyaɗa daga Mirriya, kuma a ganinsa taka birki aikin matsorata ne. In ya doso kwanar kasuwa sai ya danna oda, kaji da tsofaffi kowa ya yi ta kansa.

A bakin kwanar nan Ari mai tukwane ke kasa kayansa. Sau biyu motar Illa na bi ta kan randunansa, ta bar masa tsingaro. Matarsa ta ce in aka yi na uku, su tattara su koma ƙauye. Ari kuwa ya tsani noma, kuma a kwanar nan ubansa ya tsufa yana wannan sana'a.

Kumandan, Baturen mulki, ya sa an kafa allo da rubutun Faransanci, wai a rage gudu. Awaki suka samu wurin soshe-soshe. Mai unguwa ya sa an jera duwatsu, Illa ya watsa su, ɗaya har ya faɗa cikin kaskon mai ƙosai. Aka kawo jandarma, shi ma da ya hango ƙura sai ya haye katanga.

Ari ya kwana biyu yana saƙa da warwara, sannan ya wanke ƙafa ya tafi Birni wurin Iya Larai mai daddawa, uwar matar Illa.

"Iya, daddawarki ta fi ƙarfin lungun nan. Ga inuwa a gefen tukwanena, ga tabarma, ga masu saye."

"Ɗan nan, na san abin da ya kawo ka," in ji ta. "Ɗauko min ƙwaryar."

Washegari da hantsi kamyo ya taso kamar an koro shi. Illa ya ɗaga ido ya ga surukarsa zaune daf da hanya tana korar ƙuda. Ranar aka san motar tana da birki. Ya sauko, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a cikin ƙurar da shi ya tayar.

"Iya, ina kwana?"

Ta kau da kai ta amsa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mutanen Mirriya da ba ta taɓa gani ba. Motocin da ke bayansa suka yi layi, ba mai iya wucewa.

Haka aka yi shekara shida, safe da yamma. Aka samu mulkin kai, aka sake wa allon fenti, Iya na nan kan tabarmarta. Ari bai ƙara asarar ko murfi ba.

Da damina ta rasu. Ari ya yi kuka na gaske, rabi don ita, rabi don randunansa. Bayan sadakar bakwai ya shimfiɗa tabarmar a inda ta saba, don hannunsa ya riga ya saba, ya zauna yana duban hanya.

Kamyo ya taso da ƙurarsa. Daf da kwana ya lafa, ya tsaya. Illa ya sauko ba takalmi, ya daɗe yana duban tabarmar.

"Malam Ari," ya ce, "kada ka naɗe ta."