Motar da Auta Za Ta Saya

Injin tsohuwar motar Auta ya buga ne ranar wata Talata, a tsakiyar gadar da take bi zuwa aiki. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari, kullum sai ta ajiye 'ya'yanta biyu a makaranta sannan ta shiga cunkoson gadar nan. Kafin mako ya zagayo ta san gyara ba zai yi ba, sai sabuwa. Kuɗin kuwa nata ne, na guminta, amma ba a kwana uku ba maganar motar ta fita daga hannunta ta koma hannun maza biyu da ba sa shan inuwa ɗaya: yayanta da mijinta.

Yaya makanike ne. Shekara huɗu ke nan da ya koma ɗaura wa motoci tukunyar gas, kuma garejinsa ba ya rabuwa da mutane. Mijin kuma ma'aikacin ofis ne, mai son karance-karance a waya, shi ya sa Yaya ke kiransa Mai Takarda, a gaban idonsa ma. Rashin jituwarsu ta daɗe. Tun ranar da mijin ya kai motarsa wani gareji daban, ya kuma faɗa a gaban Mama, mahaifiyar su Auta, cewa can ɗin sun fi na'urori, Yaya bai sake sakar masa fuska ba.

Ranar Asabar suka haɗu a falon Auta. Yaya ya ce gas za ta saya, ba wata magana: ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, injin ba ya tara datti, kuma duk abin da ya lalace shi ne zai gyara da hannunsa. Mijin ya bari sai da ya gama, sannan ya ce shi dai haibirid ya sani, mai inji da batir, wadda ke kashe injinta da kanta idan an tsaya a cunkoso. Ya ƙara da cewa ba zai yarda a ɗora 'ya'yansa a kan tukunyar da za ta iya tashi da su ba.

Yaya ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. "Mota nawa na ɗaura wa tukunya? Wacce ka ji ta tashi?"

"Ban ce taka ba, Injiniya."

"Ka ce. Kuma ranar da batirin nan naka ya mutu, sai ka karanta masa waya ya farfaɗo."

Auta tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Babu wanda ya tambaye ta tsawon hanyar da take yi, ko abin da take ɗauka a but ɗin mota. Da ta ga abin zai kai ga zagi, ta ce kowa ya kawo irin motar da yake so ta tuƙa mako guda, ita za ta zaɓa. Dukansu suka kalle ta kamar yanzu ta shigo gidan.

Ta Yaya ce ta fara zuwa, wata fara mai tsabta da ya gyara don sayarwa. Daren farko ma mijin ya ce motar ba za ta kwana a cikin gida ba, sai a waje. Da safe ya kwashi yaran a tasa motar, ko da yake makarantar ba a hanyarsa take ba, yana tafe yana mita. Auta ta kama hanya. Motar tana tafiya lafiya, sai dai a hawan gada takan yi nauyi kaɗan. Tukunyar ta cinye rabin but, dole jakar aikinta da akwatin safar hannu suka koma kujerar baya. Abin da ya fi damunta shi ne wurin shan gas. Biyu ne kacal a garin, kuma duk ba a hanyarta suke ba. Ranar Alhamis ta shiga layi da sassafe, tsakanin tasi da ƙananan motocin haya, ta yi kusan awa guda. Tana cikin layin aka kira ta daga asibiti cewa wata mai haihuwar fari ta fara zubar da jini. Ta fita daga layin, ta danna maɓallin da ke mayar da motar kan fetur, ta isa da ɗan abin da ya rage a tanki. Matar ta tsira. Da ta ba Yaya labari, cewa ya yi laifinta ne, mai hankali da yamma yake shan gas.

Mako na biyu mijin ya aro haibirid daga wurin abokin aikinsa. Auta ba ta so ta ji daɗinta ba, saboda yadda mijin ke tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, amma ta ji. A kan gada motar takan yi tsit, ta riƙa silalewa a hankali, ba kaɗawa ba hayaƙi. But ɗin ya ɗauke kayanta duka. Har Laraba allurar mai ba ta wani motsa ba.

Ran Laraba ɗin, tana dawowa, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabanta. Garejin Yaya yana kan hanya, sai ta shiga. Yana ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu, ya dubi haibirid ɗin tun daga nesa bai matso ba. Ta roƙe shi ya duba mata ko da fitilar ce kawai. A gaban ma'aikatansa da masu jiran gyara ya ce shi ba ya taɓa abin da bai kawo ba, ta kai wa Mai Takarda.

"Yaya, ni ce fa."

"Na gan ki. Juya ki fitar min da ita, kin tare hanya."

Ta juya motar ta fita. Wani mai faci a bakin titi ne ya gano iskar taya ce ta ragu, ya ƙara mata. Da ta isa gida ta yi kuskuren faɗa wa mijin. Maimakon ya tambayi yadda ta dawo, sai ya ɗauki waya ya kira Mama, ya zayyana mata komai har da ƙari. Kafin magariba Yaya ya kira Auta ya ce tunda ta iya kai ƙararsa, ta riƙe mijinta ya zame mata ɗan'uwa.

Haibirid ta saya. Ta zauna ita kaɗai a ɗakin hutun ma'aikata ta auna: gas ya fi sauƙi a aljihu, kuma mai gyara na gida ne, amma naƙuda ba ta jiran layi. Ba ta sayi ta abokin mijin ba, ko da yake mijin ya riga ya yi masa alkawarin za ta saya. Ta je wurin dillali da wata abokiyar aikinta, ta zaɓi wata shuɗiya, aka rubuta takardu da sunanta. Da mijin ya miƙo hannu a ba shi makulli na biyu, ta jefa shi cikin jakarta. Ya ce wato shi ma bai tsira ba ke nan. Ta ce shi da Yaya duk ɗaya ta ɗauke su, kowa so yake ya kayar da ɗan'uwansa a kan kuɗinta. Kwana huɗu ba ya cin abincinta.

Yaya ya daina zuwa gidan. A wurin Mama suke haɗuwa ranar Asabar, ta gaishe shi ya amsa yana kallon bango. Mama ta yi faɗa har ta gaji.

Wata bakwai motar ba ta ba ta matsala ba. A na takwas wani abu ya lalace a birkinta, mai gyaran irinsu kuwa mutum ɗaya ne a can ƙarshen gari, ya ce sai an yi odar kayan, mako uku. Mijin ya ce zai riƙa kai ta, ta ce ya kai yara kawai. Ta koma hawa bas.

Wata safiya tana tsaye a tasha da jakarta a kafaɗa, farar motar Yaya ta rage gudu a gabanta. Ya sauke gilashi, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ina motar da ba ta lalacewa?"

"Tana wurin gyara."

Ya ɗan jira, injin na aiki. Ba ta matsa ba, shi ma bai buɗe ƙofa ba. Na bayansa suka fara danna ham, ya ɗaga gilashinsa ya wuce. Bas ta zo a cike, Auta ta tsaya a tsaye har asibiti, ta isa a makare ta tarar da mata biyu suna jiranta.

An kawo kayan birkin a mako na huɗu. Har yanzu shuɗiyar motar take hawa.