Motar Malama Ta Dawo Karo na Uku

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don mai shi ba ta son ana ambatonta. Na dai daure na rubuta.

Auta ce ke riƙe da na'urar gwaji a garejin kawunta. Ita ke jona wayar na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ta karanta abin da kwamfutar mota ta faɗa, ta rubuta a takarda ta miƙa wa Dogo, babban makaniki. Ba ta da yawan magana, takardar ke yi mata baki.

Ranar Talata da la'asar motar Malama, wata malamar makaranta, ta sake shigowa, karo na uku cikin wata ɗaya, fitilar inji na kunne.

"Da safe sai ta yi ta rawa kamar mai zazzaɓi," in ji Malama. "Sau biyu ta mutu kafin in fita layinmu. Yau ɗalibaina sun riga ni shiga aji."

Dogo ya tayar da motar. Inji na tafiya sumul.

"Malama, motar nan tsoron makanikai take ji. Da ta gan mu sai ta warke."

Kawu bai yi dariya ba. An riga an canza filogi, an canza sansar salansa mai auna hayaƙi, duk bisa takardar Auta.

"Auta, na'urar ce ke ƙarya, ko ke ce ba ki iya karatunta ba? In motar nan ta ƙara dawowa, zan kulle abin nan a durowa, ki koma gida wajen innarki. Da kunne muke gyara tun ba a haife ki ba."

Auta ta waiga. Ta hango Dogo ya ɗauki sifana ya nufi batir. Halinsa ke nan: ya cire kan batir, fitila ta mutu, mai mota ya tafi da murna. Amma hakan na shafe duk abin da kwamfutar ta ajiye. Ba ta san lokacin da ta sha gabansa ba.

"Yaya Dogo, minti biyu."

"Ikon Allah, yau Likita ta yi magana. A rubuta ranar," in ji Dogo, wanda da sunan nan yake tsokanarta.

Ta jona waya. Saƙon bai canza ba: iska ta fi fetur yawa a cikin inji. Ta danna gaba, ta shiga shafin da ba ta taɓa buɗewa ba, inda kwamfuta ke ajiye halin da inji yake ciki daidai lokacin da matsalar ta faru. Gudun mota, sifili. Zafin ruwan inji, digiri ashirin da uku. Ta duba na yanzu: casa'in. Ta fita, ta zagaya motar, ta dawo ta sake dubawa. Ashe duk gwajin da suka yi, a kan inji mai zafi suka yi shi, don sai Malama ta yi tafiyar rabin awa kafin ta iso.

"Kawu, a bar ta ta kwana a nan."

"Ta kwana ta yi mana gadi?"

"Ciwon na sanyi ne. Ba mu taɓa ganinta da sanyi ba."

Malama ta kalle ta, ta ɗauki jakarta. "To, 'yata, zan hau haya. Amma gobe ce ta ƙarshe."

Sauran matsala ɗaya. Dogo na zuwa da safe yake tayar da duk motocin da suka kwana, su yi ta ɗumama yana shan shayi. Da aka tashi rufe gareji, Auta ta zare makullin daga ƙusa ta jefa a aljihu. A gida ta zuba gishiri sau biyu a tukunya, ta kasa zama wuri ɗaya, har Inna ta ce ko ƙaya ce a kujerar. In hasashenta bai yi daidai ba fa?

Washegari ta riga kowa isowa. Dogo ya birkice teburi yana neman makulli, ita kuwa tana zaune a cikin motar da na'ura a cinya.

"Likita, ke kika ɗauke?"

"Sai Kawu ya zo."

"Kin ga abin da nake faɗa? Masu shiru-shirun nan."

Da Kawu ya iso, ta murɗa makulli. Motar ta hau rawa, lambar da ke nuna ƙarin man da kwamfuta ke turawa ta haura ashirin a na'ura. Ta miƙa wa Kawu na'urar, ta buɗe bonet, ta kasa kunne. Can bayan inji wani abu na tsotsar iska a hankali. Ta bi wani siririn tiyon roba da yatsa har ta ji tsaga, ta danne. Inji ya lafa, lamba ta fara sauka. Ta ɗaga yatsa, rawa ta dawo.

"Da sanyi robar ke taurarewa, tsagar ta buɗe," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "In ta ji zafi sai ta yi laushi ta rufe."

Kawu ya sa nasa yatsan, ya ɗaga, ya mayar, har sau uku.

"Dogo, nemo tiyo." Ya miƙa mata na'urar. "Ke kuma ga farar can tana jiranki."

Ta zare waya, ta naɗe ta, ta nufi farar motar.