Wa Ke Ciyar da Alhaji Hassoumi?

Mijina Davor ɗan Kuroshiya ne, yana gyaran lifta, na'urar hawa bene, a Lyon. Ƙasarsu tana cikin Tarayyar Turai, don haka ba ya neman izinin kowa kafin ya yi aiki a Faransa. Ni kuwa Batula 'yar Maraɗi, duk da digirina na haɗa magunguna, ta dalilinsa na samu katin zama. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Da ƙodar mahaifina ta lalace muka kawo shi nan ana yi masa wankin ƙoda. Bizarsa ta kusa ƙarewa, in ta ƙare kuwa sai gida, wankin nan ya tsaya. Lauya ta ce akwai hanya: uban matar ma'aikaci ɗan Tarayya yana iya samun kati, muddin an tabbatar mu ke ɗaukar nauyinsa.

Mu ke ɗauka, amma wa ya isa ya faɗa? Mahaifin nawa, Alhaji Hassoumi, tsohon falken albasa ne, kunyar suruki kuma ta zame masa kamar sallar farilla. Ya ƙi kwana gidanmu a Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, ya tare wurin wani abokinsa a Bobigny, can gefen Paris, wai kada su yi kiciɓis da Davor a ƙofar banɗaki. Davor ke biyan ɗakin, shi ke sayen abinci. Kowa ya sani, kowa ya yi gum.

Ni da kaina na hore Davor tun muna sabon aure. Na koya masa cire takalmi da durƙuso da sunkuyar da kai, na ce ko kusa kada ya ɗaga kansa a gaban Baba. Ya iya har ya fi 'yan gida, ina ta alfahari da shi a wurin biki.

Ranar da aka kira mu ofishin baƙi muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris muka ɗauki Baba. Ma'aikaciyar mutuniyar kirki ce. Ta ce in tambaye shi wa ke ciyar da shi.

"Allah," in ji Baba.

Ta duba kwamfutarta ta ce babu gurbin wannan amsar. Sai ta juya ga Davor ta ce, "Kai ne ke ɗaukar nauyin surukinka?"

Kalma ɗaya tak ake nema. Davor ya dubi Baba, ya zare takalmansa, ya durƙusa a gaban kantar har matar ba ta ganin komai sai tsakiyar kansa. Daga can ƙasa ya ce da Faransanci, "Madam, wane ni? Shi ke ciyar da mu duka."

Na mintsine shi a wuya, bai ko motsa ba.

"Mi ya ce?" Baba ya tambaye ni.

Kafin in shirya ƙaryata, wani Badamagare da ke layi bayanmu, wanda ba wanda ya sa shi, ya fassara masa kaf. Baba ya miƙe, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa bene.

"Gaskiya ya faɗi. A rubuta. Kamiyo ukku gare ni bisa hanyar Kwatano, ban taɓa cin tuwon suruki ba."

Motocin nan an sayar da su tun ina makaranta. Badamagaren ya mayar da wannan ma Faransanci, har da ƙarin mota ɗaya daga aljihunsa. Na tura wa matar takardun da na kwaso daga Lyon. Ta karɓa, ta ce za ta haɗa da abin da mazan biyu suka faɗa da bakinsu, amma kada in sa rai.

A waje, bakin titi, Baba ya ɗora hannu a kan Davor ya ce, "Wanga yaro ɗa ne. Batula, kin yi miji."

Davor ya fashe da kukan murna, takalmansa a hannu. Ni haushi ya cika ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Mutum biyun da na fi so a duniya sun haɗa kai sun kashe ɗayansu da ladabi, ga su kuma suna ta washe baki.

Baba ya gyara hularsa ya ce, "Gobe wankin da sahe ne ko da marece?"

Na ce da safe. Ban faɗa masa saura wanki nawa kafin bizar ta ƙare ba.