Rabin Shafi a Tarihin Mai Gada

Ni malamar tarihi ce. Shekara ashirin da biyu ina koya wa yara yaƙe-yaƙen da ba su shafe ni ba, har ranar da ma'aikatar ilimi ta sa ni cikin kwamitin rubuta sabon littafin sakandare. Mu shida ne, aka raba mana babi-babi. Da shugaban kwamitin, wani dattijo da kowa ke kira Farfesa, ya miƙo mini takardata, sai na ga an rubuta: shekaru goman Mai Gada.

Mai Gada tsohon shugaban ƙasarmu ne. Laƙabin ya samo shi ne daga gadoji, don kafin zuwansa da damina rabin ƙasar a yanke take. Ya gina asibitoci, ya ce kowane yaro ya yi karatu kyauta. Ni kaina da ba don shi ba da ban ga ƙofar makarantar kwana ba. Littattafan rubutunmu ma hotonsa ne a bango, yana murmushi.

A shekararsa ta bakwai kuma ya kashe mini Yaya.

Yaya makanikin jirgin ƙasa ne, shi ke riƙe da ni da Inna tun rasuwar Baba. Wata rana birki ya tsinke wa wani jirgi, abokan aikinsa biyar suka mutu, sai ma'aikata suka ce ba za su sake tada injin ba sai an sauya birakun. Aka kwashe mutum arba'in da ɗaya daga cikinsu, aka zuba a taragon kaya na ƙarfe marar taga, aka garƙame, aka bar shi a ƙarshen layi cikin rana. Da aka buɗe bayan kwana biyu, sha bakwai sun cika. Gidan rediyo ya ce zazzaɓi ne. Ina 'yar shekara sha biyar aka kira ni ofishin shugabar makaranta aka gaya mini.

Ban faɗa wa kowa a kwamitin ba. Da na koma gida na gaya wa Inna aikin da aka ba ni, tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

"Auta, ke aka ba alƙalamin?" in ji ta.

"Ni aka ba, Inna."

"To Allah ba ya barci. Kada ki yi masa ƙarya, kada kuma ki rage masa ko ƙwayar zarra."

Mai Gada yana nan da ransa, ya tsufa. Farfesa ya shirya mana ziyara gidan tsohon, don shi ne yake rubuta masa jawabi a da. Aka shigar da mu wani falo mai sanyi, bango duk hotunan gadoji, kowace da shekararta a ƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya ta turo shi a keken marasa lafiya. Na daɗe ina ɗauke da fuskarsa a raina, ƙatuwa, mai cike bangon littafi. Wanda na gani kuwa ɗan ƙanƙanin tsoho ne, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na jira tausayi ya zo mini. Bai zo ba.

Awa guda yana magana, ƙwaƙwalwarsa garau. Ya san tsawon kowace gada, ya san kamfanin da ya gina ta, ya san adadin gadajen kowane asibiti. Ina rubutawa, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na riga na duba a ɗakin adana takardu. Da ya tsaya shan ruwa sai na ce, "Ranka ya daɗe, batun taragon fa?"

Farfesa ya yi gyaran murya. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta ta tambaya. An kawo mini rahoto a lokacin. Mutum nawa ne ma? Takwas ko tara?"

"Sha bakwai."

"Sha bakwai." Ya jinjina kai kamar wanda aka gyara wa farashin siminti. "Malama, jirgi ya tsaya mako uku, hatsi na ruɓewa a tasha, gari na shirin kamawa da wuta. Na ce a tsare su, ban ce a kashe su ba. Wanda bai taɓa riƙe ƙasa ba ba zai gane ba."

"An hukunta wani?"

"Da na hukunta kwamandan da ya garƙame su, washegari wa zai bi umarnina?" Ya ƙura mini ido. "Akwai naki a ciki ne?"

Da na ce e, da kafin in kai bakin ƙofa an karɓe babin.

"Babu, ranka ya daɗe."

"Madalla. To ki auna ni da adalci, 'yata. Abin da nake roƙo ke nan."

Wannan "takwas ko tara" ita ta ƙarasa ni. Mutumin da ya haddace tsawon gada har da ɗigo bai san adadin gawarwakinsa ba. A mota Farfesa yana ta yabon ƙwaƙwalwar tsohon, ni kuwa na damƙe jakata har faratana suka huda fatarta.

Na rubuta babin cikin wata biyu. Shafi huɗu na ba alherinsa, ban tauye masa komai ba. Na sa yawan matan da suka daina mutuwa wajen haihuwa, na sa 'ya'yan talakawa irina da suka zama likitoci da malamai. Ban yi haka don kirki ba. Na san in na rage gada ɗaya, da ita za a ƙaryata sauran. Sannan na rubuta taragon a rabin shafi.

Farfesa ya kira ni ofishinsa, jan biro a hannu.

"Malama, aikinki ya yi kyau, amma yara ne za su karanta. A bar kaza cikin gashinta."

Ya soke rabin shafin a gabana, ya rubuta layi ɗaya a gefe: an samu yajin aiki wanda ya jawo asarar rayuka.

"Yadda ka ce, Farfesa," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau, da alama ya zaci zan yi gardama. Ya sa hannu a kan babin, ya ce in haɗa tambayoyin bita in kai maɗaba'a da kaina, shi ba ya ɓata idonsa a kan aikin ɗalibai.

Duk malami ya san abin da Farfesa ya manta tun da ya bar aji: yara ba sa karanta babi, tambayoyin ƙarshe suke bi, don daga nan jarrabawa take fitowa. A ɗakin adana takardu na riga na samo abu biyu cikin wani fayil da gara ta ci gefensa. Ɗaya umarnin tsarewa ne, layi uku da sa hannun Mai Gada. Ɗayan kuma rahoton likitan tasha ne, da sunayen sha bakwai ɗin da shekarunsu, da abin da ya gani a jikin ƙofar taragon daga ciki, inda suka yi ta kartar ƙarfe. Na jera hotunan takardun biyu a shafin bita, na rubuta a ƙasa: Karanta waɗannan, ka kwatanta da abin da ka koya game da gadoji, sannan ka faɗi hukuncinka da hujja.

Mai tsara shafi a maɗaba'a ya karanta a kan kwamfutarsa, ya waiwayo.

"An amince da wannan, Malama?"

Na nuna masa sa hannun Farfesa a bangon fayil. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ni dai tsarawa ce aikina."

An buga kwafi dubu ɗari huɗu, aka raba har makarantun da mota ba ta zuwa. Sai a mako na biyar na zango wani ya lura. Ma'aikata ta aika da takarda cewa kowane shugaban makaranta ya yage shafi na ɗari da sittin da uku. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Yaran da ba su taɓa buɗe littafin ba suka ruga neman shafin, suka ɗauke shi a waya kafin reza ta iso. A motar haya na ji wata mata tana karanta wa direba sunayen, tana kuskuren na huɗu, na gyara mata.

Ni kuma tsuntsun da ya ja ruwa. Aka kafa mini kwamitin bincike, aka gano ko ni ƙanwar wace ce, aka sallame ni daga aiki. Farfesa bai ko dube ni ba ranar. Na kwashe littattafaina a kwali biyu, ban ji nadama ko kaɗan ba.

Bayan wata ɗaya ma'aikaciyar jinyar nan ta kira ni, ta ce tsoho yana son ganina. Na tambayi Inna. Ta ce in je, ta kuma ba ni saƙo.

Wannan karon a ɗakin kwanansa na same shi, da robar iska a hanci. Yagaggen shafin yana kan bargo. Jikarsa ce ta kawo masa daga makaranta, in ji mai jinyar, kuma tun ranar yarinyar ba ta sake shigowa gaishe shi ba.

"Kin ce mini babu naki," ya ce.

"Na bakwai a jerin yayana ne. Shekararsa ashirin da shida."

Ya lalubi takardar, ya bi layin da yatsa har ya kai.

"Gadojin fa? Makarantar da kika yi fa?"

"Suna nan, shafi huɗu. Ban rage maka ko ɗaya ba. Adalci ka roƙa."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen robar, mai jinyar ta matso da tawul, ya ture hannunta.

"Ki yafe mini, 'yata. Kwanana ya ƙare."

"Ni ba 'yarka ba ce. Yafiyar kuma ba a hannuna take ba, ta mahaifiyarsa ce. Ta san za ka roƙa, ta ce in gaya maka a'a. Ta ce ku haɗu a can, ita ma ta kusa."

Na tsaya na kalle shi sosai, don in iya ba da labari daidai, sannan na fita.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana shan hantsi, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma.

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Ya yi kuka?"

"Ya yi."

Ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi. Can ta ɗago.

"To ɗora mini ruwan shayi, Auta. Ki sa sukari da yawa yau."