Layi na 412

Tun safe manhajar ke tsayawa, ba ta nuna komai sai lambobi. Taswirar da ke mayar da lambobin zuwa rubutun asali ta ce wa Injiniya matsalar na layi na 412. Injiniya ta karanta layin har idonta ya yi ja, amma lafiyarsa ƙalau.

Da yamma abokin aikinta Dogo ya leƙo. "Jiya bayan an haɗa manhajar da taswirarta na ɗan share fayil ɗin nan. Layuka bakwai marasa amfani na cire daga sama."

Ta cire bakwai daga 412, ta koma layi na 405. Ga kuskuren zaune, ko ɓuya bai yi ba.

Ta cire gilashi, ko ƙarfin faɗa babu. "Sannu da aiki, Dogo. Fayil ya yi fes."